Yadda Ake Riƙon Akun Da Ya Firgita Har Ya Saki Jiki A Sabon Gida

Aku tsuntsu ne mai tsawon rai. Mai launin toka da jar wutsiya, wanda shi aka fi sani a gidajenmu, yana iya kai shekara 40 zuwa 60 idan ya sami kulawa, don haka kaɗan ne daga cikinsu suke ƙare rayuwa a gidan da suka fara ta. Wani maigidansa ne zai rasu, magada su rasa mai son ɗawainiyarsa. Wani canjin wurin aiki ne zai raba shi da mai shi. Wani kuma maƙwabta ne za su yi ta ƙorafin ƙararsa har a gaji a bayar da shi. Ta haka tsuntsu ɗaya yake zaga gida uku ko huɗu, kuma duk lokacin da zai sauya gida sai an sa hannu an damƙo shi daga keji, an tura shi cikin kwali, an kai shi inda bai san kowa ba. Kafin ya iso gare ka ya riga ya haddace cewa idan hannun mutum ya nufo shi, to, wahala ce take tafe.

Wanda ya karɓi irin wannan aku yakan ɗauka ya haɗu da mugun tsuntsu, domin da an matso sai gurnani da cizo. Tsoro ne yake sa shi haka, kuma tsoron yana da dalili. A daji aku abin farauta ne, abin da yake cetonsa shi ne tashi sama, a keji kuwa an toshe masa wannan hanya, bakinsa kaɗai ya rage masa. Duk matakan da ke tafe an gina su ne a kan abu ɗaya, wato a mayar masa da ikon cewa a'a. Sai ya tabbatar cewa idan ya ja da baya kai ma za ka ja da baya, sannan zai yarda ya matso.

Kafin ka ce a kawo shi

Tambaya ta farko ita ce daga ina tsuntsun ya fito. Aku mai launin toka ɗan kurmi ne, mazauninsa dazuzzukan kudancin Najeriya da Kamaru da Gabon da Kwango da Ghana, kuma kamun da ake yi masa ya kusa ƙarar da shi a wurare da dama. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa Ghana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na irin wannan aku tun daga 1992. A shekarar 2016 ɗin ne kuma, a taron CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, da aka yi a Johannesburg, aka sanya shi a jerin farko na waɗanda suka fi fuskantar ƙarewa, abin da ya haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Masu kamun sukan shafa danƙo a rassan da tsuntsayen suke sauka, su datse musu fukafukai, su cunkusa su a akwati, kuma da yawa suna mutuwa a hanya. Saboda haka akwai bambanci babba tsakanin karɓar riƙon akun da ya daɗe a gidan wani da sayen wanda ɗan kasuwa ya kawo. Na san tausayi yakan kama mutum idan ya ga tsuntsu a takure a kejin ɗan kasuwa, amma kuɗin da ya biya don ya cece shi su ne za su aika a kamo wani. Idan ka ga ana cinikin irin waɗannan, NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, ita ce take da alhakin wannan doka a Najeriya.

Idan riƙo ne na gaskiya, ka zauna da tsohon mai shi ko iyalinsa ka yi musu tambayoyi dalla-dalla, ka rubuta amsoshin. Me yake ci, kuma me ya fi so a ciki? Da wa ya fi sabawa, maza ko mata? An taɓa dukansa, ko an taɓa tsokanarsa da sanda ko tsintsiya? Wace kalma ko wane fito ake kiransa da shi? Ƙarfe nawa ake rufe shi da dare? Waɗannan ƙananan bayanai za su rage maka aikin watanni. Idan an ce yara suna zungurarsa da kara, ka san cewa sandar horo da za a yi magana a kanta nan gaba sai ka yi hattara da ita. Kada kuma ka canza masa suna, kuma ka roƙi a ba ka shi tare da tsohon kejinsa da kwanukansa ko da sun tsufa, domin a ranar da komai ya zama baƙo, kejin ne kaɗai abin da ya sani. Sauya keji zai iya jira.

Idonsa zai ba ka ɗan haske a kan shekarunsa. Na ƙarami baƙi ne ko toka mai duhu, yana washewa a hankali har ya koma rawaya mai haske idan ya balaga, daga nan kuwa ido ba ya ƙara faɗin komai.

Ka kuma duba gidanka da idon basira. Wannan tsuntsu yana fitar da farar ƙura daga gashinsa wadda take damun mai asma, yana da ƙara safe da yamma, kuma yana buƙatar mutum a kusa da shi kullum. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Wanda ya san ba shi da lokaci, gara ya taimaka a nemo wani gidan da ya ƙara wa tsuntsun ƙaura ta biyar.

Lafiya kafin horo

Tsuntsun da ke ciwo ba ya koyon komai, kuma aku gwani ne wajen ɓoye ciwo, domin a daji wanda ya nuna rauni shi ake fara kamawa. Da yawa daga abin da ake kira taurin kai ciwo ne da ba a gano ba. A kai shi wurin likitan dabbobi a makon farko, zai fi kyau a yi hakan a ranar ƙaura, kafin ya shiga gidanka, don wahalar kamu ta zama ɗaya. Ba kowane likita ne ya saba da tsuntsayen gida ba, amma asibitocin koyarwa na dabbobi irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, wurare ne da za a iya fara tambaya.

Idan kana kiwon kaji ko zabi ko tantabaru, ka killace shi nesa da su kwana 30 zuwa 45, da kwanuka daban, kana wanke hannu tsakani. Akwai cutar da ake kira sitakosis wadda take tashi daga busasshen kashin tsuntsu ta kama mutum, ta zo masa da zazzaɓi da ciwon kai da tari, don haka a riƙa yayyafa ruwa kafin a share ƙarƙashin keji, kada ƙura ta tashi. Tana da magani, amma likita ne zai rubuta, kuma a tsuntsu yakan ɗauki kwana 45. Kada a zuba masa maganin kaji a ruwan sha bisa shawarar mai shago.

Ka shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasan keji, ka canza ta kowace safiya, ka dubi kashin kafin ka zubar. Wannan ita ce hanyar da za ka san yana cin abinci ba tare da ka taɓa shi ba. Idan kashi ya ragu ƙwarai, ko ya yi kwana guda cur bai ci komai ba, ko ka ga ya kumbura gashi ya sauka ƙasan keji, ko wutsiyarsa tana sama da ƙasa tare da numfashi, wannan ba na jira ba ne. Babban aku mai launin toka yakan kai wajen giram 400 zuwa 500, kuma idan ya saba da kai har yana hawa sikelin kicin, raguwar kashi goma cikin ɗari na nauyinsa dalili ne na komawa wurin likita.

Inda za a ajiye keji

Kuskuren da aka fi yi shi ne rataye keji a tsakiyar tsakar gida, inda ake wucewa ta kowane ɓangare. Tsuntsun da ke tsoro ba zai iya gadin gabas da yamma da kudu da arewa a lokaci guda ba, sai ya wuni a tsaye cikin fargaba. A jingina bayan kejin da bango, in da hali a kusurwa, a rufe sama da gefe ɗaya da zane, domin ya sami inda zai ɓuya idan ya so. Reshen da yake tsayawa a kai ya kasance daidai ƙirjinka ko fuskarka, kada ya zama a ƙasa, domin duk abin da ya sunkuyo masa daga sama shaho yake tuna masa. Wurin ya zama inda yake hango mutanen gida suna harkokinsu daga ɗan nesa, ba a bakin ƙofa ba, ba kuma a ɗakin da babu kowa ba. Kyanwa kada ta sami hanyar hawa kan kejin, ko da ba za ta iya buɗewa ba.

Huhun tsuntsu ba ya jure abin da namu yake jurewa. Hayaƙin gawayi da na itace, da turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa ko na fesawa, da hayaƙin janareto da na sigari, duk suna iya kashe shi. Kaskon suya mai shafin Teflon, wanda abinci ba ya kamawa, idan ya yi zafi fiye da kima yana fitar da iskar da take kashe aku cikin ɗan lokaci, ko da mutum bai ji warin komai ba. Don haka kicin ba wurinsa ba ne. Idan za a yi turare ko feshi, a fitar da shi tukuna, kada a mayar da shi sai iska ta wanke ɗakin. Kejin da aka yi da wayar kaji mai ruɓaɓɓen shafi ko wanda aka yi wa tsohon fenti shi ma haɗari ne, domin aku yana tauna duk abin da bakinsa ya kai, kuma tutiya da dalma guba ne a jikinsa.

Yanayinmu na arewa ba nasa ba ne. Ya fito daga kurmi mai laima, ga shi a inda hunturu yake busar da fata, bazara kuma take haura digiri 40. Da hunturu a kare shi daga iskar asuba, a ajiye masa faffaɗan kwano mai ruwa kaɗan don wanka. Da bazara a tabbatar yana cikin inuwa duk wuni, kuma idan ka ga ya buɗe baki yana haki ya ware fukafukai daga jiki, zafi ne ya yi masa yawa. Barci kuma awa 10 zuwa 12 yake buƙata a duhu da shiru; akun da yake kwana a falo ana kallon talabijin har tsakar dare zai tashi da saurin fushi kamar kowa.

Makonnin farko

Aikinka a kwanakin farko shi ne ka zama wanda ba ya tayar masa da hankali. Ka kawo abinci da ruwa a lokaci ɗaya kullum, ka yi sallama da murya ƙasa-ƙasa kafin ka shigo don kada ka ba shi mamaki, ka sauya kwano a nitse, ka tafi. Kada a kira maƙwabta su zo kallo, kada yara su kewaye kejin suna cewa ya yi magana. Akun da ya iya magana a tsohon gida yana iya yin tsit na makonni, kuma wannan ba abin damuwa ba ne muddin yana ci.

A wannan lokacin ne za ka koyi karanta jikinsa, kuma a ganina wannan shi ne rabin aikin. Dube shi sa'ad da ka shigo. Idan ya manne gashinsa a jiki ya zama siriri, ya miƙe tsaye, idanu a buɗe warai, ya karkata zuwa bayan keji, tsoro ne ya fara. Idan ka ƙara taku ɗaya zai kama waya da baki ya haye kusurwa mafi nisa, ƙirjinsa yana bugawa da sauri. In ka ƙara, sai gurnanin nan mai kaushi da aka san aku mai launin toka da shi, daga nan sai ya yi ta dukan waya da fukafukai har ya karya gashi jini ya fito. Kowane mataki gargaɗi ne kafin na gaba. Akasin haka kuwa, idan ya sassauta gashi, ya naɗe ƙafa ɗaya, ya shiga gyaran gashinsa ko cin abinci alhali kana wurin, ko da yamma ka ji yana goga bakinsa na sama da na ƙasa yana ƙaras-ƙaras, to, hankalinsa a kwance yake.

Da wannan sani za ka nemo iyakarsa. Ka taho a hankali, ta gefe, ba gaba da gaba ba, kana kallonsa ta gefen ido, domin kallon ido cikin ido na mafarauci ne. Daidai inda ka ga ya fara manne gashi, tsaya, ka koma baya taku ɗaya. Nan ne iyakar yau, ko da mita uku ce. Ka ajiye kujera ko tabarma a wurin, ka zauna ka yi abin da ka saba, karatu ko lazimi ko cin abinci, kana ɗan yi masa magana jefi-jefi. Cin abinci a gabansa yana da amfani na musamman, domin a daji garke ba ya kiwo sai inda babu haɗari. Idan ka ga ya sassauta, ka tashi ka tafi. Tafiyarka ita ce ladarsa, kuma ta nan yake gane cewa natsuwarsa ce take sa ka nisa, ba gurnani ba. Bayan kwana biyu ko uku, idan wannan tazara ta daina damunsa, ka matso da kujerar kamu ɗaya. Wani tsuntsun mako guda ya ishe shi a kai bakin keji, wani sai an yi watanni, musamman wanda aka kamo daga daji yana babba.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Aku yana da ƙwaƙwalwar da take riƙe abu da daɗewa. Wanda masaniya Irene Pepperberg ta yi nazari a kansa a Amurka daga 1977 har ya mutu a 2007, mai suna Alex, ya san kalmomi fiye da 100, yana bambanta launi da siffa, yana kuma ƙirga abubuwa kaɗan. Tsuntsu mai irin wannan kai ba ya manta hular wanda ya dake shi. Idan ka lura yana firgita da wani abu takamaimai, tsintsiya ko tawul ko safar hannu ko wata irin riga, ka kawar da abin daga idonsa a yanzu. Koya masa jure shi aiki ne na gaba.

Daga tukwici zuwa hawa hannu

Ka gano abin da ya fi so. Ka zuba abubuwa iri-iri a kwano ka ga wanda yake fara ɗauka, sau da yawa gyaɗa ce ko 'ya'yan kabewa ko ɗan yankin dabino. Ka cire wannan abu daga abincinsa na kullum, ya zama ba ya samunsa sai daga gare ka. Wannan ba horo da yunwa ba ne, kwanonsa yana nan cike. Abin marmarin kawai aka ware. Wasu suna ba da shawarar a hana shi abinci har sai ya karɓa daga hannu, ni kuwa ina ganin wannan zalunci ne, kuma tsuntsun da yunwa ta tilasta wa matsowa bai yarda da kai ba.

Matakin farko, ka rataya ƙaramin kwano a jikin waya ta ɓangaren da kake wucewa. Duk lokacin da ka gifta, ka jefa ɗan guntun gyaɗa kamar ƙwayar dawa, ka wuce ba tare da ka tsaya ba. Da farko ba zai taɓa ba sai ka ɓace. Wata rana za ka ga yana saukowa tun kana ɗakin, daga baya kuma da ya ji takunka sai ya nufi kwanon. Sannan ne za ka miƙa masa ta tsakanin waya, da dogon cokali idan yatsu suna ba shi tsoro, kana rage tsawon abin da ka riƙe a hankali. Ka tsayar da hannunka wuri ɗaya, a ɗan nesa da inda yake, ka bar shi ya yi tattakin. Zai taho taku biyu ya koma, ya karkata kai ya dube ka da ido ɗaya, ya miƙo wuya iyakar tsawonsa ƙafafunsa na nan a baya, ya fizge ya gudu kusurwa ya ci. Kada ka bi shi da hannu ko da kamu ɗaya. Idan ka ƙirga zuwa goma bai zo ba, ka janye, ka sake gwadawa an jima.

Idan karɓa ta zama jiki, sai a shiga aikin sanda. Ka sami ɗan siririn tsinke mai tsawon kamu ɗaya, ka sa bakinsa ta waya kusa da shi. Son sani zai sa ya taɓa da baki. Da ya taɓa ka ce "yawwa", ka ba shi tukwici nan take, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Kalmar ta zama ɗaya kullum, da murya iri ɗaya, domin ita ce take gaya masa daidai abin da ya jawo ladar. Sannu a hankali ka riƙa nisanta tsinken, ya yi taku ɗaya kafin ya taɓa, sannan biyu, har ya riƙa bin sa daga wannan gefen keji zuwa wancan. Minti uku zuwa biyar sun isa, sau biyu ko uku a rana, kuma ka tsaya tun yana marmari. Masana halayyar dabbobi irin su Farfesa Susan Friedman ta Jami'ar Jihar Utah sun daɗe suna koyar da wannan hanya, kuma amfaninta shi ne tana ba ka damar motsa tsuntsu daga wuri zuwa wuri ba tare da ka taɓa shi ba. Haka take aiki a kan tsirya da ƙaramin koren akun nan na dazukanmu mai kai launin toka.

Bayan haka sai buɗe ƙofa. Ka rufe tagogi, ka kashe fanka, ka fitar da kyanwa, ka ɗaura reshe a jikin ƙofar ta waje, ka buɗe ka koma mazauninka. Zai iya yin kwanaki bai fito ba. Kada ka sa hannu ka fito da shi, domin kejin ɗakinsa ne, kuma idan ya san ana iya kutsa masa har ciki, ba shi da sauran mafaka. Ka fara wannan da yamma kafin lokacin abincinsa, don idan ka zuba abinci a ciki ya koma da kansa. Idan ya saba fitowa, ka kafa hannunka a ƙarshen reshen kamar ci gabansa ne, ka ja shi da tsinke har ya ɗora ƙafa ɗaya, ka ce "yawwa", ka ba shi, ka bar shi ya sauka. Sau da yawa zai fara taɓa hannun da baki kafin ya hau, yana gwada ƙarfinsa ne kamar yadda yake gwada reshe. Idan ka fizge a wannan lokaci, ka koya masa cewa hannunka ba abin dogaro ba ne. Ko ya hau da ƙafa biyu, kada ka ɗaga shi ka yi tafiya a ranar. Ka ɗaga kaɗan ka mayar, gobe ka ƙara.

Cizo zai iya faruwa, kuma bakin da yake fasa ƙwaya mai tauri ba wasa ba ne. Idan ya cije ka, kada ka yi ihu, kada ka buge bakinsa, kada ka watsa masa ruwa ko ka girgiza keji. Ka sauke shi a kan reshe a nitse, ka ba shi baya na ɗan lokaci, sannan ka tambayi kanka wace alama ce ka tsallake, domin kusan kullum akwai ta. Tsohuwar dabarar nan ta naɗe shi a tawul a riƙe har ya daina motsi tana samar da tsuntsun da ya sallama saboda ya fid da rai, kuma irinsa ne yake cizo ba gargaɗi daga baya. Datse fukafukai don ya yi laushi shi ma ban goyi baya ba: aku mai launin toka yana da nauyi, idan aka yi masa mummunar datsa yakan faɗo a kan ƙirji har fata ta tsage, tsoronsa kuma ya ninku.

Abinci da figar gashi

Yawancin waɗanda ake karɓa sun taso ne a kan gyaɗa da masara kawai, abin da yake jawo ƙarancin sinadarin bitamin A da na kalsiyam, kuma ƙarancin kalsiyam a wannan nau'i yana kai wa ga rawar jiki da faɗuwa. Amma kada ka canza abinci a makon da ya iso. Ka bar shi a kan abin da ya sani, bayan ya natsu ka fara ƙara gwanda da mangwaro da gwaba da karas da dafaffen dankalin Hausa da kabewa da ganyen zogale, tare da gero da dawa. 'Ya'yan kwakwar manja abincinsa ne na asali a daji, ɗaya ko biyu a rana suna da kyau. Zai yi ta watsar da sabon abu kafin ya ɗanɗana, kada ka gaji, ka ci a gabansa. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana lalata hanta da huhu, don haka a ba shi mai kyau irin wadda mutum zai ci, a kuma taƙaita ta. Fiya da cakulan da goro da shayi da kofi da albasa da abinci mai gishiri, waɗannan kada su kusance shi ko kaɗan.

Idan ya zo da ƙirji a fige, amma gashin kansa na nan cikakke, shi ne yake figar jikinsa, tun da bakinsa ba ya kai wa kansa. Likita ya fara duba ko ciwo ne ko rashin abinci mai gina jiki. Bayan haka sai wanka a kai a kai, da isasshen barci, da hasken rana na safe, da abin da zai shagaltar da bakinsa: ɗanyen reshen gwaba da ba a yi wa feshi ba, da totuwar masara, da gyaɗar da aka ƙunshe a takarda don ya yi aiki kafin ya ci. Sabon abin wasa a fara ajiye shi nesa inda yake hango shi, a matso da shi a hankali. Idan ka gan shi yana figa, kada ka ruga kana tsawa, domin kulawar da yake samu ta nan tana iya ƙarfafa ɗabi'ar. Wanda ya daɗe yana yi, wani gashin ba zai sake tsirowa ba, kuma hakan ba ya hana shi zama lafiya.

Za a sami ranakun da za a koma gidan jiya, bayan baƙi sun cika gida da biki, ko an yi tsawa da dare, ko ka yi tafiya. A irin wannan sai ka koma matakin da ya gabata, yawanci kwanaki kaɗan sun isa ya dawo inda yake. Idan ya saba da kai, ka shigo da sauran mutanen gida ɗaya bayan ɗaya ta hanyar kwanon tukwici, don kada ya zama na mutum ɗaya ya riƙa cizon saura. Wasu, musamman kamun daji, ba za su taɓa yarda a shafa su ba, iyakarsu su karɓi abu daga hannu su yi maka fito daga kan keji, kuma wannan ma nasara ce da ta isa a tsaya a kanta.

Wata rana dole za ta sa a kama shi, don magani ko don rauni. Idan hakan ta taso kafin ya saba, a rage hasken ɗaki, a yi amfani da tawul, a riƙe kai ta baya a hankali, kada a matse ƙirji domin da motsin ƙirji yake numfashi, a kuma gama da sauri. In da hali wani ne zai yi kamun, ba kai da kake neman yardarsa ba. Tun yana lafiya kuma ka fara ajiye akwatin tafiya a buɗe kusa da keji da tukwici a ciki, kana jan sa da tsinke yana shiga yana fita, ka kuma koya masa shan ɗan ruwan 'ya'yan itace daga bakin sirinji marar allura, domin ranar da likita zai rubuta maganin sha, ya karɓa da kansa ta tsakanin waya.